Kafin Ku Hau Jirgi: Jagora ga Masu Shirin Tafiya Aikin Mishan na Ɗan Lokaci

Tafiyar mishan ta mako biyu ko uku ba ta da wuyar ƙarewa, amma abin da ta bari a baya yakan daɗe. Ku za ku koma gida da hotuna da shaida mai daɗi. Faston da ya sauke ku kuwa shi zai ci gaba da zama da maƙwabcin da kuka ɓata wa rai, da alkawarin da wani cikinku ya yi a bakin mota, ko kuma, in Ubangiji ya yi jagora, da aikin da kuka ƙarfafa masa hannu a kai. Don haka duk shirin da ke cikin wannan jagora a kan ma'auni guda yake: aikin na masu masaukinku ne, ku baƙi ne da aka gayyata ku sa hannu.

Fara da gayyata

Kafin a buɗe zancen kuɗin jirgi, kwamitin shirya tafiyar ya amsa tambaya ɗaya: wa ya kira mu? In amsar ita ce mu muka ga ya kamata mu je, to a dakata tukuna. Ku nemi ikilisiya ko ƙungiyar da ke can, wadda ke da sanannun shugabanni, wadda aikinta ke tafiya tun kafin ku zo kuma zai ci gaba bayan kun tafi. Da ɗan gari kan ci gari.

Ku rubuta musu, ku kuma yi magana baki da baki ta waya fiye da sau ɗaya. Me kuke bukata? Mutum nawa za ku iya saukewa ba tare da kun takura ba? Wane wata ya fi dacewa, don kada mu faɗo muku ana tsakiyar aikin gona ko jarrabawar yara? Sannan tambayar da ta fi nauyi a baki: in da za mu aiko muku da kuɗin tafiyar mu zauna a gida, wanne ya fi muku amfani? Ku sani mai masauki ba ya saurin cewa a'a. Akwai kunya, akwai kuma tsoron kada ya ƙi ku yau tallafin ya tsaya gobe. Sai ku sauƙaƙa masa, ku nuna masa a fili cewa zumunci ba zai yanke ba ko me ya zaɓa, ku kuma tuntuɓi wani da ya daɗe yana aiki a wurin ya gaya muku abin da ba za a faɗa muku ido da ido ba.

Wannan tambaya tana da tushe. Bayan guguwar Mitch ta ragargaza Honduras a 1998, ƙungiyoyin Kirista da yawa sun je gina gidaje. Wani malamin nazarin zamantakewa, Kurt Ver Beek, ya bi sawun aikin daga baya, ya gano cewa baƙin sun kashe kimanin dala 30,000 a kan kowane gida in aka haɗa da kuɗin tafiyarsu, alhali ƙungiyoyin Kirista na ƙasar suna gina irinsa da kimanin dala 2,000. Ba ina cewa kada a je ba ne. Ina cewa a san abin da ya sa ake zuwa. In fenti za ku je shafawa a bangon makaranta a garin da masu fenti ke zaman jiran aiki, kun ƙwace musu abincin yini ne kawai. Amma in likitan ido ne za ku kai inda babu, ko horon malaman makarantar Lahadi da su da kansu suka roƙa, ko kuwa ziyara ce ta ƙarfafa zumunci da ikilisiyar da kuke tafiya tare shekara da shekaru, wannan ya cancanci kuɗin jirgi.

Abin da kuka amince a kai ku sa shi a takarda: wa zai biya abinci da masauki da man mota, nawa ne ladan tafinta da direba da masu dafa abinci, wa ke da maganar ƙarshe in ra'ayi ya saɓa. Sau da yawa ikilisiya matalauciya ce ke cin bashi don ta ciyar da baƙin da suka fi ta hali, su kuwa baƙin ba su ma sani ba.

Su wa za su tafi

A Ayyukan Manzanni sura 13, ikilisiyar Antakiya ce ta yi azumi da addu'a, ta ɗibiya wa Barnaba da Shawulu, wato Bulus, hannu, ta sallame su. Ba su ne suka naɗa kansu ba. Haka ya kamata dattawan ikilisiya su zauna da duk mai son tafiya su ji dalilinsa. Samun kuɗin tikiti bai isa cancanta ba. Wanda ba ya karɓar gyara a gida ba zai karɓa a ƙasar wasu ba, wanda kuma bai taɓa leƙa mabukacin da ke bayan gidansa ba yana da inda zai fara kafin ya ƙetare teku. Duk wanda zai yi aiki kusa da yara, a bincika tarihinsa, a nemi shaidar mutanen da suka san shi, a ƙasashen da ake ba da takardar shaidar 'yan sanda a karɓo ta.

Ƙaramar tawaga ta fi. Mutum shida zuwa goma suna shiga mota ɗaya ko biyu, suna cin abinci a gida ɗaya, suna iya sanin sunayen masu masaukinsu. A naɗa shugaba da mataimaki, da ma'aji, da mai kula da lafiya.

Ku fara taruwa wata shida kafin ranar tashi. Addu'a da nazarin Littafi Mai Tsarki su ne gaba, amma ku ba karatun ƙasar lokaci sosai: tarihinta, yaƙe-yaƙen da ta sha, addinan mutanenta, abin da ya jawo talaucinta, da tarihin ikilisiyar da ke cikinta. Wannan na ƙarshe yana saukar da girman kai. Yawancin Kiristocin duniya a yau suna Afirka da Latin Amurka da Asiya ne, kuma Habasha ta karɓi bangaskiyar Kirista tun ƙarni na huɗu, zamanin Sarki Ezana. Mai yiwuwa tsohuwar da za ta shimfiɗa muku tabarma ta fi ku daɗewa a gwiwa. Ku koyi gaisuwa, da na gode, da yi haƙuri, da waƙar sujada ko da guda ɗaya a harshensu. Masu wa'azi da masu ba da shaida su gwada magana ta bakin tafinta tun a gida: jimla gajeriya, a tsaya, a jira. Karin magana da wasa da kalmomi ba sa ƙetare harshe lafiya, a ajiye su.

Takardu

Ƙasashe da yawa ba sa karɓar fasfon da ya rage masa ƙasa da wata shida kafin ya ƙare, wasu kuma suna son shafuka biyu da babu komai a kansu. Kowa ya duba nasa a taron farko.

Zancen biza shi ne inda gaskiyar mai bi ke fuskantar gwaji. Ku tambayi ofishin jakadancin ƙasar irin bizar da ta dace da aikin da za ku yi, ku faɗi gaskiya a fom. A wurare da dama bizar yawon buɗe ido ba ta halatta wa'azi ko aikin sa kai ba. Indiya tana da biza dabam ta 'yan mishan. A Nepal dokar laifuffuka da ta fara aiki a 2018 ta haramta juyar da mutum daga addininsa zuwa wani, hukuncin yana iya kaiwa ɗaurin shekara biyar, baƙo kuma a kore shi. In kuka karya irin wannan doka, ku sau da yawa jirgi za a sa ku a mayar da ku gida, masu bin da ke ƙasar su ne za su zauna da abin da ya biyo baya. Ku bar su su gaya muku abin da ake faɗa a fili da abin da ake bari sai cikin gida.

Likita da nas da likitan haƙori su nemi izinin aiki na wucin gadi daga hukumar ƙasar tun da wuri. Wanda ba shi da horo kuwa, kada ya taɓa allura ko ya rubuta magani don kawai ya ga babu mai hana shi. Abin da ba za a bar ka ka yi wa ɗan maƙwabcinka a gida ba, ba ka da ikon yi wa ɗan talaka a wata ƙasa. Matashin da bai kai shekara 18 ba ya riƙe takardar amincewar iyaye. Kowa ya yi inshorar tafiya da ta haɗa da ɗauko marar lafiya da jirgi, don wannan kaɗai yana iya cinye dubban daloli. A yi kwafin fasfo da biza da tikiti da inshora, ɗaya a jakar shugaba, ɗaya a ofishin ikilisiya, ɗaya a waya.

Lafiyar jiki

Ku ga likita aƙalla mako shida kafin tafiya, domin wasu alluran sai an maimaita su. Akwai ƙasashen da ba za a bar ku ku shiga ba sai da katin rigakafin zazzaɓin shawara. Katin yana fara aiki kwana 10 bayan allurar, kuma tun 2016 dokar lafiya ta ƙasa da ƙasa ta amince allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rai. Likita zai duba bukatar rigakafin taifot, ciwon hanta nau'in A da B, tetanos, sanƙarau, da ciwon haukan kare, gwargwadon inda za ku.

In wurin akwai maleriya, a sha maganin kariya yadda aka tsara. Malarone ana fara shi kwana ɗaya ko biyu kafin isa, a ci gaba har kwana bakwai bayan an baro wurin. Doksisaikilin shi ma kwana ɗaya ko biyu kafin isa, amma sai an yi mako huɗu ana sha bayan dawowa. Mefulokwin ana fara shi mako biyu zuwa uku kafin tafiya. Likita ne zai zaɓa wa kowa, don mai juna biyu da yaro da mai wasu cututtuka ba kowanne suke sha ba. Gidan sauro da man korar sauro su shiga kowace jaka. Mai ciwon suga ko hawan jini ko asma ya ɗauki maganin da zai wuce kwanakin tafiyar, a cikin kwalinsa na asali, tare da takardar likita, a jakar hannu. Wasu magungunan kashe raɗaɗi, irin su tiramadol da kodin, suna iya kai mutum hannun hukuma a wasu ƙasashe, a bincika tun a gida.

Ruwan sha ya zama na gora mai hatimi ko wanda ya tafasa sosai na minti ɗaya, a kan tsaunuka masu tsayi minti uku. In gudawa ta kama wani, a haɗa masa ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ya yi ta kurɓa, in ya ga jini ko zazzaɓi ya hau a kai shi asibiti.

Abin da matafiya suka fi rainawa shi ne hanya. Fiye da kashi 90 cikin 100 na mutuwar haɗarin mota a duniya a ƙasashe masu ƙaramin hali da matsakaita suke faruwa. Kada ku yi tafiyar dare tsakanin garuruwa, kada ku hau bayan buɗaɗɗiyar mota, kada ku hau babur ba hular kwano, ko da jadawalin zai lalace.

Kuɗi da kaya

Bulus, da zai kai gudummawa Urushalima, bai yarda ya riƙe kuɗin shi kaɗai ba. A 2 Korantiyawa sura 8 ya bayyana cewa ikilisiyoyi sun zaɓi wani ɗan'uwa ya raka kuɗin don kada a sami abin zargi. Ku bi wannan: mutum biyu su sa hannu a kowace fitar kuɗi, a ajiye rasit, a rubuta komai kowane dare. Wasiƙar neman tallafi ta faɗi gaskiya, nawa ne na jirgi da masaukinku, nawa ne zai shiga aikin. Kada a zuzuta wahalar mutane don a taɓa zuciyar masu bayarwa. A ware kashi goma cikin ɗari don abin da ba a zata ba. Ƙasashe da yawa suna bukatar a bayyana wa jami'an kwastan tsabar kuɗin da ta kai dala 10,000.

Game da kaya, shawarata a rage. Siminti, littattafan rubutu, sabulu, ƙwallo, duk abin da ake samu a kasuwar can a saya a can, ɗan kasuwa ya amfana, ku kuma ku huta da kuɗin awon kaya. Buhunan gwanjo da ake rabawa kyauta suna kashe kasuwar tela da mai sayar da tufafi. Magani kuwa, ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a kai abin da masu karɓa suka nema, kuma ya kasance da sauran aƙalla shekara ɗaya kafin ya lalace. Duk kyauta ta bi ta hannun shugabannin ikilisiyar wurin, kamar yadda masu bi na Antakiya suka aika da tasu ga dattawa a Ayyukan Manzanni sura 11. Su suka san gwauruwar da ba ta da kowa, da kuma wanda ya iya kuka a gaban baƙi.

Yara da hotuna

Nan ne zuciya mai kyau ta fi yin ɓarna, don haka zan daɗe a kai. Ziyarar gidan marayu ita ce abin da 'yan sa kai suka fi so, ita ce kuma ta fi bukatar a yi tunani sau biyu. Bincike a ƙasashe da dama ya nuna yawancin yaran da ke irin waɗannan gidaje suna da uwa ko uba a raye, talauci ne ya raba su. Inda baƙi ke zuwa da kuɗi, akwai masu buɗe gidajen don baƙin, su bi ƙauyuka suna karɓo yara da alkawarin makaranta. Abin ya kai ga Ostireliya ta ɗauki wannan safara a matsayin wani nau'in bautar zamani a 2018. Ko a gidan da ake riƙo da gaskiya, ku dubi abin ta idon yaron: wata baƙuwa ta zo, ta goya shi, ta kira shi ɗanta kwana goma, ranar tafiya ya riƙe mata zane yana kuka, bayan wata guda wata ta zo ta maimaita. Yaron da ya rasa iyaye yana bukatar fuskar da ba ta ɓacewa. In kuna son taimakonsa, ku ƙarfafa masu renonsa na dindindin, ku tallafa wa shirin da ke mayar da yara hannun danginsu.

A ƙarshen Janairun 2010, makonni kaɗan bayan girgizar ƙasar Haiti, an kama Amurkawa goma 'yan wata tawagar Baptis suna ƙoƙarin ƙetarawa da yara 33 zuwa Jamhuriyar Dominikan ba tare da takardun izini ba. Sun ce ceto suka zo yi. Daga baya aka gano yawancin yaran iyayensu na raye. Kyakkyawar niyya ba ta maye gurbin doka da tambayar mutanen gari.

Ku rubuta dokokin kare yara, kowa ya sa hannu kafin tafiya: babba ba ya keɓewa da yaro, ba ya kai shi ɗakinsa, ba ya ba shi lambar waya ko kyauta a ɓoye. Hoto kuma sai da izini, na yaro sai da izinin iyayensa. Kada a ɗauki marar lafiya a gadon asibiti, ko yaro tsirara, ko mai karɓar taimako hannu a miƙe. Kafin ka ɗora hoto a Facebook ka tambayi kanka ko za ka yarda a nuna mahaifiyarka haka. A ƙasar da ake tsananta wa masu bi, hoto ɗaya da sunan gari yana iya jefa iyali cikin haɗari.

In kun sauka

Kwana na farko na gaisuwa ne. Ku bar mai masauki ya kai ku wurin dattawa da hukumomin gari, ku sa tufafin da mutanen wurin ke ganin mutunci, ku tambaya kafin ku miƙa wa wanda ba jinsinku ba hannu. A Luka sura 10 Yesu ya umarci waɗanda ya aika bibbiyu su ci abin da aka sa a gabansu. Wanda lafiyarsa ba ta bari ba ya sanar tun kafin a ɗora tukunya, sauran su ci da godiya, ba yamutsa fuska. In an ce taro ƙarfe tara aka fara sha ɗaya, ku yi amfani da jiran ku san mutane.

Bishara a faɗe ta a sarari, da ladabi, ga wanda ke son ji. Kada a taɓa ɗaura taimako a kan tuba. Magani da abinci na kowa ne, mai bi da wanda ba mai bi ba, kuma ba sai ya zauna wa'azi ba. Mai jin yunwa zai ɗaga hannu sau goma in ya ga buhu a bayan mai wa'azi, ƙidayar irin waɗannan hannaye yaudarar kai ce. Wanda ya nuna yana son sanin Almasihu da gaske, a haɗa shi da faston wurin, shi zai yi renonsa.

Ku kiyaye bakinku da alkawari. Za a roƙe ku kuɗin makaranta, waya, hanyar zuwa ƙasarku. "Zan duba" da ka faɗa don ka kuɓuta, a kunnen mai roƙo alkawari ne, zai kuma yi shekara yana tambayar fasto ko saƙo ya iso. Ku shirya amsa ɗaya tun a gida: ba ni da ikon yanke wannan ni kaɗai, duk taimakonmu ta hannun ikilisiya yake bi.

Kan tsaro, maganar mai masauki ita ce doka. A Oktoban 2021 wani gungun 'yan bindiga ya sace mutum 17 na wata ƙungiyar mishan a Haiti, har da ƙananan yara, na ƙarshensu ba su kuɓuta ba sai a Disamba. Ku karanta gargaɗin tafiya na gwamnatinku, ku sanar da ofishin jakadancinku kuna ƙasar, kada ku wallafa inda za ku kasance gobe, ku kuma amince tun a gida cewa shugaba na iya soke kowace fita, ko ma tafiyar baki ɗaya, ba gardama. Kowane dare ku zauna rabin awa ku yi addu'a, kowa ya faɗi abin da ya gani da abin da ya dame shi, a kashe ƙaramin saɓani kafin ya kwana.

Bayan dawowa

Bulus da Barnaba da suka koma Antakiya sun tara ikilisiya suka ba da labarin abin da Allah ya yi. Ku ma ku yi haka cikin wata guda, tare da cikakken lissafin kuɗi ga duk wanda ya ba da ko kaɗan ne. A labarin ku ambaci masu masaukinku da aikin da suke yi, don jama'a su san wa za su riƙa yi wa addu'a. Wasu za su dawo da nauyin zuciya, wasu da haushin yadda ake almubazzaranci a gida. A ba su wurin magana, a kuma nuna musu hidimar da za su kama a nan.

Kowa ya ƙarasa maganin maleriyarsa. Wanda zazzaɓi ya kama cikin shekara guda da dawowa, musamman watanni ukun farko, ya je asibiti a ranar, ya faɗa wa likita ƙasar da ya je.

Bayan wata biyu ko uku, lokacin da ɗokin ya lafa, ku rubuta wa masu masaukinku. Ku aika duk abin da tawaga ta yi alkawari a hukumance, da hotunan da kuka ce za ku turo. Sannan ku tambaye su abin da zuwanku ya ci musu na kuɗi da lokaci, abin da ya yi amfani, abin da ya ɓata, da ko suna son ku sake zuwa ko a tallafa musu ta wata hanya. In zai yiwu, wani da ba ya cikin tawagar ya karɓi amsar don su sake jiki su faɗi gaskiya. Abin da suka faɗa a karanta shi a gaban kwamiti kafin a sa ranar wata tafiya.